Injin gano ƙarfe mai shiga ruwa: wanne ya dace da bakin kogin Yauri?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in taɓa kuɗin shinkafata. Ni mutumin Yauri ne, gidanmu ba nisa da tashar kwalekwale. Tun ina yaro nake nutso, har yau in abu ya faɗa wa mutum a ruwa wajen shiga jirgi ni ake kira: waya, makullin mashin, ɗan kunne, wani lokaci farfelar inji. Da hannu da ƙafa nake lalube cikin laka. Ranar kasuwar da ta wuce zoben zinarin lefen wata baiwar Allah ya suɓuce, ruwan bai kai ƙirjina ba, na yi awa uku ban same shi ba, ta shiga jirgi tana share hawaye. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina da N600,000. Zaɓi biyu ne a gabana: sabuwar Nokta Simplex+ da ƙanena ya gani a Legas, ko Garrett AT Pro ta hannu wajen wani da ya bar haƙar zinari a Bin Yauri. Ruwanmu na daɗi ne, ƙasan laka ce da yashi, zurfi daga gwiwa zuwa wuya, wani wurin gaba ɗaya da rabi. Ba zinarin dutse nake nema ba. Don Allah wanda ya taɓa sa inji cikin ruwa da hannunsa shi nake son ji.

Mai Walda Gusau: Wa alaikumus salam. Ƙara kuɗi ka sayi Minelab GPX kawai ka huta. Duk wanda ya yi arziki da inji a Anka da Bukkuyum da shi ya yi. Sauran duk wasan yara ne.

Ɗan Yelwa: Yallaɓai na ce ba zinarin dutse ba. Kuma kuɗin GPX ko gonar na sayar ba za su kai ba.

Baban Sadiya: Ɗan'uwa tsaya ka ji nawa kafin ka ba kowa ko sisi. Ni daga Talata Mafara nike. Shekara ukku da sunka wuce na sai da ɗan maraƙina, nit tafi Kano wani shago da anka kwatanta min. Mai shagon yaf fiddo inji cikin kwali mai ƙyalli, ga hoton Bature tsaye cikin teku, yac ce min wanga ko kifi bai kai shi son ruwa ba. Yas sa faifan da ke ƙasan sandar injin cikin bokiti gabana, yaj jefa kwabo, inji yay yi kuka. Nib biya N280,000, ban ko nemi ragi sosai ba don murna.

Sati na farko bakin dam ɗin Bakolori lahiya lau, don ruwan bai wuce idon sawu ba. Ran Juma'a nis shiga har ƙugu, ƙafata taz zame bisa gansakuka, kan injin yan nutse, wallahi bai kai ƙirga biyar ba nic cire shi. Sai nig ga gilashin ya yi hazo daga ciki, lambobin suna ɓacewa ɗaya-ɗaya, yay yi wata 'yar ƙara kamar ɗan tsako, shi ke nan. Na shanya shi rana, na tura shi cikin buhun shinkafa kwana huɗu, na kai wa mai gyaran waya, yab buɗe yac ce allon ya ci tsatsa. Da nik koma Kano mai shagon yac ce ai faifan ne ba ya jin ruwa, shi bai ce kan ba. Nic ce hoton Baturen fa? Yac ce in tafi in tambayi Baturen. Har yau sandar na nan bayan ƙofa, uwar Sadiya na rataye tsumma gare ta, ni ko in na gan ta sai in tuna maraƙina.

Na Jega: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma 280 ai ka san ba na gaske ba ne tun farko.

Baban Sadiya: Lokacin dala ba ta kai haka ba, yaro. Kar ka gaya min abin da ban sani ba.

Malamin Fasaha: Abin da ya sami Baban Sadiya shi ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma ba sai injin jabu ba. Injuna da yawa na gaske, irin su Garrett Ace da Minelab Vanquish 540 da Gold Monster 1000, faifansu yana shiga ruwa amma akwatin kai ba a yi shi don nutso ba, kuma kamfanonin sun faɗi haka a takardarsu. Saboda haka kar ka tambayi mai shago "yana shiga ruwa?" Ka ce ya nuna maka a littafin injin mita nawa dukan injin yake nutsewa. Biyun da ka ambata, Simplex+ da AT Pro, kowanne an yi shi ya nutse gaba ɗayansa har mita 3. Equinox 800 ma mita 3 ne. Na masu nutso na sosai, kamar Excalibur II da Sea Hunter, su ne ke kai mita 60, kuma ba ka buƙatarsu.

Abu na biyu, kar a tsorata ka da maganar ruwan gishiri. Injin da ke aiki da zangon sigina da yawa lokaci guda an fi nemansa a bakin teku irin na Legas, domin gishiri yana rikita mai zango ɗaya. A kogin Kwara babu wannan matsala. Abin da zai dame ka shi ne baƙin yashi mai ƙarfe-ƙarfe, shi kuma saita ƙasa, wato daidaita injin da irin ƙasar wurin, ke maganinsa, duka biyun suna da shi. Na uku, abin kunne marar waya ba ya aiki da zarar kan injin ya nutse, ruwa yana yanke saƙon. Sai mai waya wanda shi ma ba ya jin ruwa, kuma daban ake sayensa. Simplex+ tana da jijjiga a mariƙi, ko ba ka ji ba hannunka zai ji. Ni da kuɗina ne sabuwar zan ɗauka, domin robar da ke tare ruwa tana tsufa, inji na hannu da ya sha rana da ƙurar ramin zinari ban yarda da robarsa ba.

Basarke: Malam, da girmamawa, ka taɓa shiga ruwan Yauri? Mai tambaya cewa ya yi wanda ya sa inji a ruwa da hannunsa.

Malamin Fasaha: Ban shiga ba, amma na buɗe injuna sun fi goma da ruwa ya kashe.

Basarke: To mai wankan gawa ba shi ne likita ba. Ni na riƙe AT Pro na wani maigidana wata biyar a tsibiran da ke ƙasan Yelwa. Ruwa bai taɓa shigarsa ba. Batir huɗu yake ci irin na tocila ƙanana, ko'ina ka je akwai su a tebur. Simplex+ kuwa ta caji ce, in ta mutu kana tsakiyar gungu ina za ka sa ta? Kuma ba inji ne wahalar ba. Wahalar ita ce dalmar taru da ƙugiya da marfin kwalba. Wajen da jirage ke tsayawa duk taku ɗaya sai ya yi kuka. Zobe da guntun gwangwani kusan lamba ɗaya suke nunawa, in ka ce inji ya tsallake shara to ya tsallake zoben. Rana guda na tono dalma ta cika gwangwanin madara biyu, ban ga ko ɗan kunne ba. Kuma in ya yi kuka cikin laka da me za ka ɗebo? Sai ka kai wa maƙeri ya yi maka matsami mai huji-huji da doguwar ƙota, ka taka da ƙafa ka ɗago ka girgiza. Ba shi, injin banza ne.

Sarkin Fawan Gobe: Basarke ya samu inji ya tono dalma. Wallahi masunci ko jirgin sama ka ba shi, bakin ruwa zai sauka ya tambayi kuɗin tarwaɗa.

Basarke: Kai dai je ka wanke tumbi, manya na magana.

Na Jega: Maganar farashi, Simplex+ ɗin N480,000 aka ce mini a Kano watan jiya.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana ya sayo wa wani a Legas N650,000 har da abin kunne. 480 ko dai tsohon kaya ne ko jabu.

Mai Walda Gusau: Ni an yi mini tallarta 350 a Facebook.

Baban Sadiya: Ga irin ta nan! Haka anka yi min. Wanda duk yac ce maka 350 ka ce ya zo da ita bakin ruwa, ya nutsa ta da hannunai minti goma kana kallo, sannan ka ƙirga kuɗi. Ni da na yi haka da maraƙina ya zama sa yanzu. Kuma ku yi hankali da masu yawo da wani inji mai eriya biyu wai yana jiyo zinari daga nisan kilomita. Maƙwabcina ya saya, ko'ina ka nuna shi sai ya juya.

Ɗan Yelwa: Na gode Baba. Mai AT Pro ɗin N520,000 ya ce, ya yarda a gwada. Amma in na gwada yau lafiya, robar ta buɗe bayan wata biyu fa? Malamin Fasaha, ana samun robar a canza?

Ɗan Ngaski: Ku kuna ta zancen zobe. Dukiyar tana ƙarƙashin tafkin. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 garuruwa nawa ruwa ya ci, har da tsohuwar Bussa? Kakana ya ce mutane sun tashi sun bar abin da suka binne. In ruwa ya ja baya kafin damina ta kankama, kufai yana fitowa, ka ga tsingaro da duwatsun murhu. Ni da idona na tsinci kwabo mai huji da anini a wurin, ba inji ba komai.

Malam Na Zauro: A yi hattara. Kufan nan akwai makabartu a cikinsu, kuma jikokin masu wurin suna raye a garuruwan da aka mayar da su. Sannan a bambance abu biyu. Abin da aka binne tun zamanin jahiliyya, ba a san mai shi ba, shi ne rikazi, ana fitar da khumusi, wato ɗaya cikin biyar. Amma zoben da ya faɗi ranar kasuwa tsintuwa ce, hukuncinta cigiya shekara guda. Inji ba ya mayar da tsintuwa halal. Ɗan Yelwa, in mai kaya ce ta kira ka, ku yi jinga tun a tudu, wannan sana'a ce mai kyau.

Malamin Fasaha: Ga dokar ƙasa kuma. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba.

Basarke: Malam ya dawo da takarda.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar shi ya faɗa, ai gara a sani. Ɗan Yelwa, in ka saya don Allah ka zo Argungu. Shekarar da aka yi bikin kamun kifi na 2020 warwarona ya faɗa a bakin Matan Fada wajen turereniya, na uwata ne, har yau ina mafarkinsa.

Ɗan Yelwa: In sha Allahu Hajiya. Sai dai shekarun da yawa, ruwa ya yi ta kawo yashi a kai, waɗannan injunan kuma abu kamar zobe bai wuce taki ɗaya ko ɗaya da rabi suke jiyowa ba. Amma za mu gwada.

Sarkin Fawan Gobe: A tambaya mini ko injin yana kuka in dorina ta matso.

Basarke: Wannan ba abin dariya ba ne. Mutum ya toshe kunnuwa biyu da abin kunne, ya sunkuyar da kai cikin ruwa, bai jin ihun mutanen tudu. Kar ka shiga kai kaɗai, ka sa yaro a jirgi yana duba maka.

Na Jega: Duk kun manta babbar matsalar: yaya za ka kawo shi gida? Ni na ɗauko wa wani inji daga Kano, a shingen bincike uku aka sauke ni. Da sun ga faifan sai su ce mai haƙar zinari ne. Na nuna rasit, aka ce rasit ba lasisi ba ne. Na ce lasisin me, injin neman makulli? A na ukun sai da na kwana biyu ina zarya kafin a ba ni, kuma an karya maƙallin faifan.

Mai Walda Gusau: Mu nan tun da aka hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 abin ya zama haka. An ce an ɗage a ƙarshen 2024, amma a kan hanya ba ka ga alama. Talaka da injinsa ɗaya shi ake tarewa, manyan motoci na wucewa da ƙasa buhu-buhu ba mai ɗaga musu hannu.

Baban Sadiya: Ba shinge kaɗai ba. Cikin gari ma in anka gan ka da inji sai a ce ka samu zinari, magana ta kai daji. Ni da injina ya mutu ma sai da wani yaz zo yana tambaya ta nawa nis samu. Ban yi barci gida ba sati guda.

Ɗan Yelwa: Subhanallahi. To in na kwance shi gida uku na sa cikin buhun kaya fa? Kuma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar robar.

Na Jega: In suka buɗe buhu suka gan shi a ɓoye ai ka ƙara wa kanka laifi. Ni tambayata ita ce, wa ya ba su ikon riƙe kayan mutum ba takarda? Wanda na ɗauko wa har yau yana bi na kuɗin maƙallin, N35,000, kuma ba ni na karya ba.

Mai Walda Gusau: Kawo shi Gusau in like maka. A wane shingen ne, na kafin gada ko na bayanta?