PS5 ko kwamfutar gem: wanne zai jure wutar Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga mai son buga gem ɗin ƙwallo irin FC da eFootball a gida, wanne ya fi sauƙin kuɗi da ƙarancin ciwon kai, injin gem na PlayStation 5 (PS5) ko a haɗa kwamfuta? Wuta ba ta da tabbas, ƙaramin janareta ake da shi.

Injiniyan Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da lissafin wuta kafin farashi. PS5 tana cin wajen watt 200 a tsakiyar wasa. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Ryzen 5 5600 da katin sarrafa hoto na RTX 3060 kuwa, katin kaɗai watt 170 ne, duka injin kan kai 300, ban da allo. Janareta zai ɗauki kowanne, amma wutarsa hawa da sauka take yi, ita ke ƙona kaya. Sa UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai ƙarfin VA 1000 a tsakani. Kuma kada ka bar PS5 a yanayin barci ka fita. In aka ɗauke wuta tana cikin sauke wasa, fayiloli kan lalace, sai ka shiga Safe Mode, wato sashen gyara na PS5, ka gyara rumbun bayanan.

Mai Gem Daura:
Gaskiyar Injiniya ce. Sai dai kuɗin PS5 ba ya ƙarewa ranar saye. Buga FC da mutane ta intanet sai da rajistar PS Plus ta PlayStation da ake biya wa kuɗi, eFootball dai ba ya buƙata, a kwamfuta kuma ba a biyan wannan kuɗin. Shagon PlayStation ba shi da Najeriya a jerin ƙasashensa, shi ya sa ake buɗe asusun Amurka ko Ingila, a riƙa sayen katin PlayStation na ƙasar don zuba kuɗi a asusun. Katin Ingila ba ya shiga asusun Amurka, a nan mutane ke asara. Ka sayi PS5 mai cin faifai: in ka gama wasa ka sayar ko ka yi musaya, kuma ka rage cin data. Ta farko da ta fito a 2020 an rubuta mata GB 825 na wurin ajiya, amma wajen 667 ne naka.

Mai Gyara Sabon Layi:
Malamai, kun manta ƙurar hunturu da zafin Afrilu. Ƙura ke toshe fanka, injin ya yi zafi ya kashe kansa. A PS5 ta farko, cire wuta, zare farin murfin, akwai ramuka biyu na tara ƙura, ka zuƙe su. Kada a sa ta cikin rufaffen kabad, a bar mata tazarar santimita 10 daga bango. A nan kwamfuta ta fi: abin da ya mutu shi kaɗai za a canja, ko RAM ko fawa, ga shi za ka yi karatu da aiki da ita. Amma in ƙwallo ce kawai, ɗan'uwa, ɗauki PS5. In ta hannu ce, sa mai shago ya kunna maka wasa na minti 30, ka saurari fanka, ka saki sandunan abin sarrafa wasan ka ga ko ɗan wasa yana tafiya da kansa.