Ƙudan zuman Donkey Kong Country 2 sun hana ni sakat, a taimaka

Mai tambaya: Salam yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa buga Donkey Kong Country 2 ku zo nan. A waya nake bugawa da emuleta, wato manhajar buga tsofaffin gem, na lallaɓa har na kai duniya ta huɗu Krazy Kremland, to daga nan fa abu ya tsaya cak saboda ƙwarin nan masu ƙaya a baya, Zinger. Yawancin sauran maƙiya in na dira a kansu sai su mutu, su kuwa ina taɓa su birina Diddy ya tafi, in na sake biranyata Dixie ma ta tafi. Na samu na wuce matakan Hornet Hole da Rambi Rumble da kyar da jiɓin goshi, yanzu ga ogansu King Zing ya tsare ni, an mai da ni aku ina ta tofa masa ƙwai amma ko gezau. Shin akwai dabara ne ko hannuna ne bai faɗa ba? Kuma jajayen nan ana kashe su kuwa?

Tsohon hannu: Wslm ƙanena. Hannunka lafiya lau, ɗabi'ar Mario ce ka shigo da ita, kome ka gani sai ka taka. Mutanen Rare da suka yi gem ɗin nan da gangan suka jera wa Zinger ƙayoyi a gadon baya, tun a na farko na 1994, don ka gane da ido cewa wannan ba na takawa bane. A na biyun da kake bugawa, wanda ya fito 1995 a Super Nintendo, kala ce ke faɗa maka kome. Mai ruwan ɗorawa yana mutuwa in ka jefe shi da ganga ko akwati, ko gizo-gizon nan Squitter ya harbe shi da yana, ko aku ya tofa masa. Ja kuwa ka manta da shi kawai, ba don ka kashe aka sa shi ba, don ka kauce aka sa shi. Ka tsaya ka kalli zagayensa, hanyarsa guda ce ba ya canjawa, sama da ƙasa ko gefe da gefe ko da'ira, in ya ba ka baya sai ka wuce.

Mai gyaran waya: Ni tambayata ɗaya, da me kake dannawa? In dai madannan kan sikirin ne wlh kai kake wahalar da kanka. Akun nan Squawks sai kana ta bugun B yana kaɗa fiffike, kana kuma danna Y yana tofi, ga babban yatsa guda ɗaya kan gilashi mai santsi, ina za ka iya. Ka nemi fad, wato na'urar dannawa ta hannu, mai bulutut ko na dubu kaɗan ne, ko ka shiga setin ka matso da madannan biyu kusa da juna ka ƙara musu girma.

Mai tambaya: Kan sikirin ne oga, ban da fad 😅

Yar gem: To ai shi ya sa. Amma batun King Zing ba a ba ka amsa ba. Ɗan uwa jikinsa kake harbi shi ya sa ba ya ji, ƙarin nan na gindinsa shi ne kaɗai wurin da ƙwai ke kama shi. Kar ka tare shi gaba da gaba, ka bar shi ya wuce ka sannan ka bi shi ta baya ka daidaita tsayinka da ƙarin ka tofa. In ya sha duka zai yi ja ya fusata ya fara watsa ƙayoyi ta ko'ina, lokacin nan kar ka ɓata ƙwanka, ka ja baya can nesa inda ƙayoyin suka bazu suka bar fili a tsakaninsu sai ka ratsa. Kusa da shi ne suke a cushe. Daga ƙarshe zai ƙanƙance ya dawo girman sauran, wasu Zinger su kewaye shi suna gadinsa, su za ka fara kaɗewa kuma da sauri, sannan ka koma kansa. Mutane da yawa a nan suke mutuwa don sun ɗauka an gama sun saki jiki.

Tsohon hannu: Haka ne ƙanwata. Kuma ya lura, akun in ka daina danna B a hankali yake sauka, ba faɗowa yake ba. Yara sai su yi ta dannawa ba ji ba gani har su kai kansu cikin ƙaya da kansu. Ɗan taɓawa kaɗan-kaɗan ya isa.

Ɗan lalaci: Ku dai kuna son wahala. Malam yi sebin, wato ka adana inda ka kai, a emuleta duk lokacin da ka same shi sau ɗaya, in ka mutu ka dawo daidai wurin. Ko a Switch ma Nintendo da kansu sun sa maɓallin mayar da gem baya, to ni wa zai ce min haramun ne.

Tsohon hannu: Ba wanda ya ce haramun ne, gem ɗinsa ne wayarsa ce. Amma mu da muka buga a katirij sai ka je makarantar tsohuwar nan Wrinkly kafin ka yi sebin, bayan na farko ma sai ka biya ta tsabar ayaba biyu, kuma hakan ne ya sa muka haddace zagayen ƙwarin nan. Shawarata ya yi sebin a bakin shiga faɗan kawai, ba a tsakiya ba. In ya saba da komawa baya duk daƙiƙa biyar zai ci King Zing amma bai koyi tuƙa akun ba, kuma gaba akwai inda za a tambaye shi.

Ɗan lalaci: Baba kenan, kullum sai an tuna mana zamanin katirij 😂

Yar gem: Wani abu da na manta, dabbobin da kake hawa dokarsu daban ce da ta birran. Karkanda Rambi da macijin nan Rattly suna dira kan Zinger lafiya lau, har akwai wuraren da dole sai ka taka kansu za ka tsallake rami. A na farko ma kwaɗo Winky haka yake yi. Don haka kar ka ji mun ce ba a takawa ka je kana kan Rambi kana tsoro.

Mai tambaya: Alhamdulillah yan uwa na ci shi! Matso da madannan da na yi da bin sa ta baya su suka yi aiki, fad kuma sai ƙarshen wata. Na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti. Yanzu na shiga duniya ta gaba, Gloomy Gulch.

Yar gem: Barka. To ka shirya, akwai matakin Parrot Chute Panic a nan, cikin saƙar zuma za ka koma, Zinger ta ko'ina, kuma akun da zai riƙe ka wani ne daban, ba ya tofa kome ba ya kuma tashi sama, saukowa kawai yake da kai. Ka riƙe Dixie a gaba saboda shawagin da take yi da gashinta.

Mai tambaya: Innalillahi. Wato ba a rabu da Bukar ba kenan.