An ce in sa hannu kan kaya 100, alhali 60 ne a sito

Ɗan Karu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure min. Ni jami'in sito ne, mataki na 08, a wata hukumar gwamnatin tarayya nan Abuja. An ba da kwangilar kawo laftof 100. Ɗan kwangila ya sauke 60 ranar Litinin, na ƙirga da hannuna, na rubuta lambar jikin kowace. Jiya darakta ya kira ni ya ce in cike SRV, wato takardar shaidar karɓar kaya a sito, a kan 100 don baucan biya ya wuce kafin a rufe shekara, wai sauran 40 suna tafe a Janairu. Da na dawo ofis na tarar direban ɗan kwangilar ya bar ambulan a tebur, wai na shan mai. Ban buɗe ba, yana durowa. An ba ni zuwa Juma'a. In sa hannu, in ƙi, ko in nemi taransifa? Ba so nake a kama kowa ba, hannuna nake so in tsare.

Na-Kubwa: Wa alaikumus salam. Ka wuce EFCC kai tsaye. Tun Disambar 2016 akwai tsarin fallasa na Ma'aikatar Kuɗi, ana ba mai tona asiri kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato.

Hajiya Odita: Malam Na-Kubwa, ba ka karanta tambayar ba. Ko sisi ba a biya ba tukuna, me za a ƙwato? Kuma wannan tsarin manufa ce ta gwamnati, ba dokar Majalisa ba. Ƙanena Ɗan Karu, kada ka ce ka ƙi, kada kuma ka sa hannu kan 100. Cike SRV a kan 60, don 60 ka karɓa. A takardar rakiyar kayan ka rubuta 60 da lamba da kalmomi, ka sa kwanan wata, wakilin ɗan kwangilar ya sa hannu a gefe. Ka shigar da 60 a lejar sito da katin kaya ranar da suka shigo. Ka kira mai tantance kaya, da odita na cikin gida, da mutum ɗaya daga sashen da ya nemi kayan, su ƙirga a gabanka su buɗe kwalaye. Sannan ka rubuta gajeriyar takarda ta hannun shugaban sashenka: kwangila lamba kaza, 100 aka ba da, 60 suka iso, 40 saura, ana neman umarni. Kada ka zargi kowa a ciki. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka kai shi gida, ba durowar ofis ba. Ƙa'idojin kuɗi na gwamnatin tarayya sun hana biya kan kayan da ba a kawo ba, darakta ya san haka, shi ya sa da baki ya faɗa maka.

Ɗan Karu: Na gode Hajiya. To in ya ce kuɗin zai koma asusun TSA, wato asusun bai-ɗaya na gwamnati, kuma ni na jawo?

Hajiya Odita: In wasiƙar kwangilar ta yarda da biya kashi-kashi, a biya na 60, saura a rubuta shi bashi zuwa baɗi. Kuma 'yan shekarun nan Majalisa ta sha tsawaita wa'adin kasafin manyan ayyuka ya haura Disamba. Tambayi sashen kuɗi ko kayan nan a kasafin manyan ayyuka suke.

Baba Mai Fansho: Yaro, saurara. Akwai wani bawan Allah mai riƙe da sito a benen da ke ƙasa da namu, mutumin kirki, shi ke jan sallar azahar in liman bai zo ba. Na'urar sanyaya ɗaki 30 aka ba da kwangila, 18 suka zo, ƙarshen shekara kamar naka. Aka ce masa sauran suna tashar jirgin ruwa a Legas. Ya sa hannu. Janairu ta wuce, azumi ya wuce, shiru. Bayan shekara biyu kwamitin ƙidayar kaya ya shigo. Lissafin ba shi da wuya: leja ta ce 30 sun shiga, baucan fitar da kaya ya nuna 18 sun fita, to 12 suna ina? Sunan mutum ɗaya ne a ƙasan SRV. Aka ba shi takardar tuhuma, aka ɗaga shi daga aiki a kan rabin albashi. Daraktan ya riga ya yi ritaya, da aka tambaye shi ya ce shi umarninsa kullum a bi ƙa'ida. Adireshin kamfanin kuwa shago ne a wata filaza, an same shi ana sayar da labule. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya sayar da motarsa, ya kwashe iyali daga Kubwa zuwa Masaka, ya cire 'ya'ya biyu daga makarantar kuɗi. Shekara uku ana ganinsa da baƙar leda cike da hotunan takardu, yana hawa bene yana hutawa a kowane hawa saboda hawan jini. A cikin ledar nan babu takarda ko ɗaya mai sa hannun daraktan. Abin da ya fi ƙona min rai, waɗanda suka ci kuɗin su ne suka daina amsa sallamarsa.

Maman Ilham: Innalillahi. Baba, ya samu haƙƙinsa na fansho kuwa?

Baba Mai Fansho: Cire kuɗin na'urorin aka yi ta yi daga albashinsa har ya bar aiki. Ɓarin jikinsa ya shanye kafin a gama.

Na-Kubwa: Ai da ya tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Lauya naira dubu 300 ya isa.

Barista Garki: Dubu 300 a Abuja? Wannan ko kuɗin shirya takardu da zirga-zirga bai kai ba, shari'ar da za ta ci shekara biyu ka tanadi miliyan ɗaya zuwa sama. Kuma da me zai je? Shi ya sa hannu. Sashe na 16 na dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000 ya yi magana kan jami'in da ke riƙe da kuɗi ko kayan gwamnati ya ba da bayanin ƙarya yana sane, shekara bakwai ne. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, sashe na 58, ta ce jami'in da ya saɓa mata aƙalla shekara biyar ba zaɓin tara, da kora. Ɗan Karu, ko darakta ya ba ka umarnin a rubuce, bai wanke ka ba, ya dai shigo da shi cikin laifin tare da kai.

Sani Banex: Ni tambayata, nawa aka sa kowace laftof? Sabuwar HP mai Core i5 a kwali a nan kasuwar Banex wajen dubu 750 ce. Ka duba ko ba 'yan Landan, wato na hannu, aka sake naɗewa ba. Kunna biyar daga ciki, ka gwada lambar da ke jikin kwali da ta ƙasan na'ura da wadda ke cikin BIOS, wato shafin bayanan na'urar da ake shiga yayin kunna ta, sai ka duba lafiyar batir. In sun saɓa, ta hannu ce.

Ummi Wuse: Dubu 750 ina? Makon jiya aka sayo wa ofishinmu a dubu 520.

Sani Banex: Hajiya, wannan ta hannu aka sayar muku, ko ƙaramar ƙwaƙwalwa gare ta.

Ummi Wuse: Da leda da rasit ta zo. Kuma farashin kwangila ba na kasuwa ba ne, akwai VAT kashi 7.5, da harajin da ake cirewa, da jiran biya na watanni.

Gwanin Nyanya: Ɗan Karu, in ambulan ɗin ya yi maka nauyi a durowa, akwai ɗan acaɓa amintacce a Nyanya, ba ya karɓar kuɗin dako 😂

Ustaz Area One: Gwani, ba wurin wasa ba ne nan. Ambulan ɗin ya fi SRV haɗari kuma duk kun tsallake shi. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ɗan'uwa, mayar da shi yau, a rufe, a gaban shaida.

Barista Garki: Allah ya gafarta Malam, mayarwa kaɗai ba ta isa a doka ba. Sashe na 23 na dokar ICPC ya wajabta wa jami'in da aka yi wa tayin toshiya ya sanar da hukumar ko 'yan sanda. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada, ban da ta mai kwangila da ofishinka. Mafi sauƙi ya kai wa sashen ACTU na hukumarsu, wato sashen yaƙi da cin hanci na cikin gida, a buɗe a gaban mutum biyu, a ƙirga, a ba shi takardar karɓa.

Maman Ilham: ACTU ɗin da 'yan cikinsa ƙarin girmansu na hannun daraktocin nan? Kafin la'asar labari ya kai sama. Barista, kai ba ka taɓa zama ƙarƙashin darakta ba. Wanda ya ƙi sa hannu ana tura shi ɗakin tsofaffin fayil, sunansa ya ɓace daga jerin masu zuwa kwas.

Baba Mai Fansho: Ɗakin fayil ana fita daga cikinsa da lafiya. Shekara 35 na yi ina ganin abin nan.

Na-Kubwa: Baba, da girmanka, zamaninku na takarda ne. Yanzu da tsarin GIFMIS gwamnati ke biyan kuɗi, komai na kwamfuta.

Hajiya Odita: GIFMIS biya yake yi, ba ya ƙirga kwali. Har gobe SRV da biro ake sa masa hannu, kuma shi masu binciken ofishin Babban Odita ke fara nema. Maganar Baba tana nan daram.

Ummi Wuse: A 2020 aka ƙaddamar da manufar ɗa'a da riƙon amana ta ƙasa, ginshiƙai bakwai, an liƙa a bango kusa da lif. Amma a gaya min, mai mataki na 08 da ke zaune a Mararraba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, nawa ke saura a albashinsa in ya cire kuɗin mota zuwa Sakatariya? Mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa a 2024, buhun shinkafa ya kusa cinye shi. Ba ina halatta ambulan ba ne, amma mai son ma'aikaci ya tsare amana ya fara biyansa haƙƙinsa.

Ɗan Karu: Na cike na 60, mai tantance kaya ya sa hannu, amma odita yana hutu sai Litinin. Ambulan ɗin kuma direban ya ƙi ɗaukar waya. In kai ACTU ko in jira?

Gwanin Nyanya: Hajiya Ummi kin taɓo inda ke ciwo. Daga Mararraba dubu ɗaya da ɗari biyar ne zuwa da dawowa in ka yi sammako.

Maman Ilham: Wace mota kake shiga? Da yamma daga Sakatariya zuwa gadar Nyanya kaɗai dubu ɗaya suke cewa. Ga bashin ƙarin girma, akwai waɗanda suka ci jarrabawa shekara uku da suka wuce har yau tsarin albashi na IPPIS na biyansu a tsohon mataki. Hajiya Odita, don Allah wannan fayil ɗin a ina yake maƙalewa, a hukumar mutum ko a ofishin Akanta Janar?