Kiɗan bikina: wanne zan ɗauka, wanne zan bari?

'Yar Kabong: Salama a gare ku 'yan'uwa. Aurena saura mako shida. Ni 'yar kwaya ce, na daɗe da goge waƙoƙin duniya daga wayata. Dangin ango sun dage sai an kawo DJ, kuma a zauren haya za a yi liyafar a unguwar Rayfield a Jos, ba a harabar coci ba. Ango ya ce in rubuta waƙoƙin da na yarda da su. Waƙar soyayya mai tsabta wadda ba ta ambaci Yesu ba, da kiɗan gargajiya na mutanenmu, in sa ko in bari? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Baba Dattijo: 'Yata, harabar coci ba wurin DJ ba ce. Ki kira Zumunta Mata da tulunansu da Littafin Waƙoƙi. Afisawa 5:19 ta gama magana.

'Yar Kabong: Baba, ba a coci za a yi ba.

Mai Jita: Filibiyawa 4:8 nake bi. Ina karanta kalmomin waƙa kafin kiɗan ya ruɗe ni. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, ba waƙar coci yake yi ba, amma da kuntiginsa ya yi wa ma'aurata faɗan da wani mai wa'azin bai yi ba. Ni ina jinsa, zuciyata ba ta hukunta ni.

Maman Biyu: Ƙanwata, ki ji tawa. Na rubuta wa DJ waƙoƙi da hannuna, ya ce to Mama. Da yamma ta yi, abokan ango suka cusa masa kuɗi, ya saki wata waƙa da ba zan iya maimaita kalmominta ba. Ina tsakiyar fili ana mini liƙi, ban ma gane an sauya ba. Wani ya ɗauka a waya. Ranar Lahadi dattawa suka kira ni. Wata uku ina horo a bencin baya, ba kwaya, ba jibin Ubangiji. Mijina da ya fi ni taka rawa, ko sunansa ba a ambata ba. Matan da muka yi shekaru muna waƙa tare suka daina amsa gaisuwata. Har yau in aka ta da waƙar da nake bayarwa a da, hawaye nake yi.

Ɗan Bukuru: Kai! Sannu Mama. Nawa kika biya wannan DJ ɗin?

Maman Biyu: Dubu 80, ya kuma ci shinkafata.

Ɗan Bukuru: An cuce ki. Namu dubu 45 har da janareta.

Mai Jita: A wace shekara? Watan jiya na tambayar wa ƙanina, ba wanda ya sauko ƙasa da dubu 150, mai kuma naka ne.

Gwauron Farin Gada: Ku ba ni dubu 10 da kwanon gwate, in zo da wayata da lasifikar maƙwabci. 😂

Baba Dattijo: Wanda bai yi aure ba ya yi shiru. Shekarata 40 da aure, ba DJ, ga shi muna nan.

Mai Jita: Da girmamawa Baba, shekarun aure ba su ne sanin kiɗa ba. Ai an yi zamanin da aka hana ganga shiga coci, yau da ita muke kai baiko. Zabura 150 ta ce da bandiri da rawa.

Baba Dattijo: Ta ce a yabi Ubangiji da su, ba amarya ba. 'Yar Kabong ta je wurin Reberen ɗinta, shi ne zai ɗaura auren, ba ku ba.

Maman Biyu: Ni ma na je wurin namu kafin biki, cewa ya yi ba damuwa. Ranar horo bai buɗe baki ba.

'Yar Kabong: To kiɗan gargajiyar fa? Kakata ta ce in ba a buga kundung, abin kiɗan nan na katako na Berom ba, ba za ta tashi daga kujera ba.

Ɗan Bukuru: Abin da ke cina shi ne, coci na hana DJ amma ba ta biyan makaɗanta. Na buga ganga a bukukuwan 'yan ikilisiya ba iyaka, sai "Allah ya saka" da lemo ɗaya. Ko kuɗin keke zuwa gida babu.

Mai Jita: Igiyar jita ma daga aljihuna nake saya. Shi ya sa yaranmu ke gudu otal su buga daren Asabar, da safe a ce sun ja da baya.

Baba Dattijo: Hidima ce, ba kwadago ba.

Ɗan Bukuru: To baƙon mai wa'azi da ake miƙa wa ambulan fa, Baba, shi ba hidima ya zo ba?