Ƙamshi ne ko wari? Rigimar zauren 'yan layinmu

Auta: Wallahi na gaji da baƙin mai da fetur ɗin wanke inji da ake zubar mana a kwata nan Dilimi. In ka yi magana a ce ƙasa za ta shanye. Ba ƙasa ba ce, bakteriya ce irin Pseudomonas putida ke fama da cinye sinadarai masu ƙamshi na cikin fetur, su benzin da toluwin. Fatarta ta waje ba ta barin maiƙo ya ratsa da sauƙi, sai ta wata 'yar ƙofar furotin mai suna TodX. In ya yi mata yawa, ta ƙara wa fatar tauri, ta kunna famfon da ke tofar da shi waje. Ita ma tana da iyaka fa!

Oga Mai Gareji: Ƙamshi? Yarinya, shekara 20 ina zuƙo fetur da tiyo, ban taɓa jin ƙamshi ba.

Maman Biyu: Oga ka yi haƙuri, yana da shi. Da ina da cikin 'yan biyu har gidan mai nake tsayawa in shaƙa.

Malam na Kimiyya: Tsohon suna ne kawai. Ana nufin masu zobe na kabon 6. Shi kansa sunan benzin daga wani ƙaron turare ya samo asali.

Hajiya Mai Turare: Malam, kar a haɗa sana'ata da kwata.

Auta: Don Allah a koma kan kwatar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya gano benzin a ruwan wasu rijiyoyi ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) fiye da sau 900.

Oga Mai Gareji: To can gareji ne ya zuba?

Ɗan Abuja: Mu a Apo an fi tsari.

Oga Mai Gareji: Kai da a Farin Gada ka koyi kwance taya!

Admin: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: fetur wari gare shi, kuma Auta da bakinta ta ce akwai halittar da Allah Ya tanada don cinye shi. Auta, ki ba Yaya haƙuri, ba a yi wa manya turanci a zaure.

Auta: Ni turancin me na yi? Kuma ai kowa ya san Oga yayanka ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Admin ya rufe zauren, shi kaɗai ke iya tura saƙo.