Neman shawara: tukunyar dumama ruwa na ɗiga ba tsayawa

Baban Amira, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Gidan gado ne, mu uku muka gyara shi, ni na ɗauki saman bene, yayana na ƙasa, kuma da ƙyar aka yarda aka haƙa rijiyar burtsatse. Shawar sama ba ta da ƙarfi, sai mai gyaran famfo ya ƙara wa injin tura ruwa matsi har bar 6 (bar ma'aunin matsin ruwa ne). Tukunyar lita 100 ce ta lantarki, takardarta ta ce matsin ruwan da ke shiga ya zama bar 3. Yanzu bawul ɗin kariya na ƙasanta, mai sakin ruwa in matsi ya yi yawa, na ɗiga dare da rana. In toshe shi? Hankalina ya tashi.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Kada ka toshe, ko da wasa. A bar 7 bawul ɗin ke buɗewa. Ruwa in ya yi zafi yakan ƙaru da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100, daga bar 6 kuwa nan take zai kai 7. In ka toshe, ran da na'urar da ke katse lantarki in ruwa ya yi zafi ta lalace ruwan zai wuce digiri 100, tukunyar ta tarwatse. Sa na'ura mai rage matsi a bututun ruwan sanyi kafin bawul, ka daidaita shi a bar 3, ka ƙara tankin faɗaɗa na lita 8, mai karɓar ruwan da ya ƙaru saboda zafi. Zafi kada ya wuce digiri 60.

Alhaji Garba, Marwa: Malam, me ya kawo kashe kuɗi? A sassauta makunnin injin ya riƙa kashewa a bar 3.5, shi ke nan. Masu rage matsin da suka cika kasuwa ma jabu ne, masu gyara kuma ba mai ɗaukar agogon awon matsi.

Baban Amira: Alhaji, in na rage ai shawar ta mutu. Wata biyu muna haka, ba abin da ya faru.

Malam Sani: Hawa ɗaya mita 3 ne, bar 0.3 kawai yake ci. Kan shawarka ne ya toshe da farar ƙasa, ko bututun ya yi siriri. Kwance shi ka jiƙa a ruwan tsami.

Maman Yusuf: In tukunyar kaɗai aka rage wa matsi, ruwan sanyi zai rinjayi na zafi a famfon haɗi. A bakin injin za a sa mai rage matsin, duk gida ya daidaita.

Baban Amira: Hajiya, injin na yayana ne, ba zai bari a taɓa ba. In na sauya bawul ɗin da sabo fa?