Ina neman Hausar "offload", ku taya ni

Jama'a, tun jiya wannan kalma ta tsaya mini a wuya.

Ga inda ake amfani da ita. A manyan rumbunan bayanai, uwar garke ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, ake yanka wa ɗaki-ɗaki da manhaja, kowane ɗan haya ya ga kamar shi kaɗai ke da kwamfutar. To duk ƙunshin bayanin da ya shigo ta waya, sai an duba na wane ne, a tantance ko yana da izinin shiga, a kulle shi ko a buɗe, sannan a miƙa. Da can ƙwaƙwalwar uwar garken ke wannan hidima, alhali ita aka bayar haya. Shi ya sa aka ƙera kati mai tasa ƙwaƙwalwar, ana soka shi a jikin injin ya karɓi aikin. Wannan miƙa wa kati aikin shi ne "offload". Amazon ta sayi kamfanin Annapurna Labs a 2015, ta fito da Nitro, tsarinta mai irin wannan kati, a 2017. Nvidia kuma ta zuba kusan dala biliyan 7 ta sayi Mellanox, masu katin BlueField.

Na fara rubuta "sauke nauyi", na goge. Bahaushe in ya ce ya sauke nauyi, ya cika haƙƙin da ke kansa ke nan, an gama. A nan kuwa aiki bai ƙare ba, hannu ya sauya.

Wani abokina ya ce a kira katin "ɗan dako". Ta yi daɗin faɗa, har na kusa yarda. Amma ɗan dako ba ya tambayar abin da ke cikin buhu, ɗora masa ka nuna hanya. Katin nan shi ke cewa wannan ya wuce, wancan ya koma.

Ni dai "yaron mota" ya fi kwanta mini. Ku tuna tasha da sassafe: direba na riƙe da sitiyari, yaron na bakin ƙofa, yana kiran fasinja, yana loda kaya, ya san wanda zai sauka a Kwanar Dangora da wanda zai zarce Zariya. (Wanda ya kawo "karen mota", a yi haƙuri, kati mai tsada haka bai ci zagi ba.)

Aikatau ɗin kuwa "ɗauke wa" ya wadatar: yaron mota ya ɗauke wa ƙwaƙwalwa hidimar sadarwa. Abin da ya rage mini shi ne jam'i. In katin ya kai dubu a rumbu guda, "yaran mota" za mu ce?